Idon Baba na Hagu

Tun ina 'yar firamare, titin da ya bi ta ƙofar gidanmu a Gwallaga hannu ɗaya ne. Motoci da babura duk daga wajen kasuwa suke gangarowa su wuce, ba mai juyowa. In ka tsaya a zaurenmu kana fuskantar ƙaramin masallacin da ke tsallake, komai daga damanka yake zuwa. Wannan ya yi wa Baba daidai, don idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa, na daman kaɗai ke aiki. Wankin hula ne sana'arsa, a zaure yake wuni. Da an kira salla sai ya ɗauki carbinsa, ya kalli dama, ya tsallaka. A dawowa kuwa ya saba juya jikinsa gaba ɗaya ya duba. Haka ya yi har muka girma, ko akuya ba ta taɓa bangaje shi ba.

Ni kam na tsani titin nan, musamman da aure ya kai ni Inkil. Daga ɓangarenmu keke napep ba ya iya shigowa, sai an zagaya ta bayan kasuwa, mai keke na ƙunƙuni, ni ma ina mayar masa, don an san ni ba na barin ta kwana. Sau da yawa a bakin titi ake sauke ni, in taho da kular abincin Baba a ƙasa cikin rana. Shi ya sa ranar da hukuma ta cire allon nan mai kibiya, aka ja farin layi a tsakiya, aka ce kowa ya shigo ta inda ya ga dama, har guɗa na rangaɗa. Keke ya kai ni ƙofar gida tsaf. Allah ya yafe mini, ko sau ɗaya idon Baba bai faɗo mini a rai ba.

Kwana huɗu da buɗe titin, na taso daga makarantar da nake koyarwa na biyo gida. Ina zaure ina zuba masa kunu aka kira azahar. Baba ya miƙe, ya kalli dama kamar kullum, ya jefa ƙafa. Sai ƙarar birki daga hagu. Keke ya kauce ya daki bakin kwalbati, madubinsa ya shafi rigar Baba, hula ta faɗi ƙasa. Baba bai faɗi ba, amma ni zuciyata ta faɗi.

Na fito hijabi a karkace, na rufe mai keken da faɗa. "Kai makaho ne? Ba ka ga tsoho ba? Haka kuke, kun mai da ran mutane ba komai ba!" Mutumin magidanci ne, har da furfura a gemu. Ya bar ni na zazzage tas, sannan ya sunkuya ya ɗauki hular, ya karkaɗe ta, ya miƙa wa Baba da hannu biyu.

"Hajiya, ki yi haƙuri," in ji shi. "Wallahi a hannuna nake."

Gaskiya ya faɗa, kuma ita ce ta ƙara ƙona mini rai.

Da yamma Yaya, babban wanmu, ya dawo daga shago ya yanke hukunci. Da asuba ba motoci, Baba ya je abinsa. Magariba da isha'i shi Yaya zai tsallaka tare da shi. Azahar da la'asar kuwa, lokacin da maza ke wajen nema kuma titi ke cike, sai dai ya yi a gida. Na goyi bayan Yaya da ƙarfina. Mun gwada koya masa kallon hagu, ya yi kwana biyu ya manta. Ba na ce Baba wawa ne ba, Allah ya tsare bakina, amma sabo turke ne. Maƙwabta suka ce za su riƙa kama hannunsa, nan ne ya nuna mana halinsa.

"Ni ba makaho ba ne da za a ja ni," in ji shi. 

Mako uku yana shimfiɗa buzunsa a zaure, yana jin kabbarar liman daga tsallake, shi da bai taɓa rasa sahun gaba ba. Ya daina tsokanar masu kawo hula. Kular da na kai cike, kusan cike nake dawowa da ita. Na ga ubana yana ramewa a gabana, na riƙa tsine wa farin layin nan da na yi wa guɗa.

Wata rana na iso sai na tarar da keke a ƙofar gida. Mai keken nan da na zaga ne zaune a bakin zaure, wai hula ya kawo wanki. Na haɗe rai na wuce shi ko gaisuwa babu. Ana kiran salla sai na ji ya ce, "Malam, ina da tambaya. In mutum ya manta zaman tahiya na farko, ƙabli zai yi ko ba'adi?"

To, Baba ba abin da yake so duniya irin a tambaye shi yadda ake gyaran salla. Ya gyara zama ya fara bayani. Mutumin ya miƙe yana saurare, ya sa takalmi, ya nufi titi a hankali. Baba ma ya miƙe ya bi shi, don bai gama magana ba. A bakin kwalta mutumin ya koma hagun Baba, ya tsaya cak ya ce, "Ban gane nan wurin ba, Malam, a maimaita mini." Baba ya tsaya yana maimaitawa, babura biyu suka wuce. Sannan mutumin ya ɗan ɗaga wa wata mota hannu, suka tsallaka kafaɗa da kafaɗa. Ko rigar Baba bai taɓa ba. Na buɗe baki in ce Yaya ya hana, sai na fasa, na bi su da kallo har suka shiga masallaci.

Da la'asar mai keken ya dawo, washegari ma haka. Ranar na tare shi a waje na ba shi haƙurin zagin da na yi masa, kuma Allah ya sani ba haƙuri ba ya mini sauƙi.

"Haba Hajiya, ai uba ne," in ji shi. "Da can masallacin nan sai na zagaya kasuwa. Yanzu da aka buɗe titi, a kan hanyata yake. Salla ce, ko'ina zan yi ta. Roƙona ɗaya, kada ya ji."

Daga Miri yake, manomi ne. In damina ta riƙe shi a gona, sai wani mai keke abokinsa ya zo, shi ma da tambayar ƙabli da ba'adi. Yaya ya gani da idonsa ya janye dokarsa. Titin ma ya yi sanyi, don direban da ke ganin wani na tunkaro shi ba ya gudun da ake yi da. Baba ya koma cin tuwonsa, ya koma tsokana. Yakan ce mini, "Uwata," don sunan mahaifiyarsa gare ni, "masu keken garin nan kansu ba ya ɗaukar karatu. Kullum tambaya ɗaya!" In yi dariya in kau da kai.

Damina biyu aka yi a haka, sannan ƙafafun Baba suka ƙi. Muka gyara masa ɗakin da ke jikin zaure ya kwanta. Wata la'asar ina masa fifita, ladan ya ɗaga murya, na ga ya juya kai wajen titi. Raina ya ce bai kamata ya bar duniya bai san alherin da aka yi masa ba.

"Baba, mai keken nan, ka san tambayar da yake maka..."

Ya yi 'yar dariya har da tari. "Uwata, ranar da liman ya tafi jana'iza, wa kike jin ya ja mu salla? Shi ne. Ya yi mantuwa a raka'a ta biyu, ya gyara da ƙabli, ba wanda ya tuna masa."

Mafici ya tsaya a hannuna. "To me ya hana ka faɗa?"

"Mutum ya rufa mini asiri, sai in tona nasa?"

Ina share hawaye da gefen hijabi muka ji tsayuwar keke a waje, sai sallama a zaure. Baba ya lalubo hularsa ya sa.

"Ce masa ya shigo," in ji shi, yana nuna hagunsa. "Shimfiɗa masa tabarma ta nan. Wataƙila yana da tambaya."