Gero a Haɓar Zane

Mu biyu Inna ta bari a duniya, ni da Yaya. Ita ce babba, ni ce auta. A wani ƙauye aka haife mu bayan 'Yankuzo, ƙasar Tsafe, ƙauyen da yau ko kaza ba ta kwana a cikinsa. Yaya ta yi aure can cikin ƙauyen namu, ba ta taɓa barinsa ba sai da aka kore ta. Ni kuwa aure ya kai ni Nahuce, wajen Bungudu. Can na haihu, can na tsufa.

Ban yi boko ba, allona ma bai yi nisa ba. Abin da na gada shi ne tatsuniyoyin Inna, kuma na riƙe su riƙon gaske. A Nahuce in ana neman tsohuwar da za ta zaunar da yara wuri ɗaya, ƙofata ake nunawa. Sai dai akwai guda ɗaya da na kai tsufa ina ba da ita da ƙarshen da ba nata ba.

Ita ce ta yarinyar da mahara suka kama a bakin gona. Tana cikin shuka aka ɗauke ta, da ragowar iri ƙulle a haɓar zanenta, gero mai gashi, wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kansa. Aka kai ta gari mai nisa aka sayar. Ubangidanta ya sake mata suna, ta amsa. Ya ɗora mata daka da ɗiban ruwa, ta yi. Amma duk damina sai ta shuka geronta a bayan danga, ta girbe, ta ci rabi, ta ƙulle rabi. Ya ce mata ranar da ta zubar da irin nan, ta ce garinsa ne garinta, ranar zai 'yanta ta. Ta ƙi. Tana nan, tana nan, har furfura ta rufe mata kai. Ubangidan ya mutu, ɗansa ya ce ta tafi, ba mai riƙe ta. Ta gyara ɗaurin zane, ta kama hanyar gida.

Daidai nan nake yin barci. Kullum nan. Inna na cewa ta kama hanya, ni kaina na kan cinyar Yaya, shi ke nan. Da safe in na tambayi yadda ta ƙare, sai Inna ta ce ba a tatsuniya da rana, wanda ya yi ɓata zai yi, in jira lokacinta. Lokacin ya yi, a sake farowa daga bakin gona, in sake barci a bakin hanya. Haka har aka yi mini aure, haka har Inna ta rasu.

Da 'ya'yana suka isa saurare, sai na ɗinka mata ƙarshe da kaina. Na kai tsohuwar har ƙofar garinsu. Ba wanda ya gane ta. Ta kwance haɓar zane, wani dattijo ya ga geron ya fashe da kuka, ashe ƙaninta ne da ta bari yana rarrafe. Aka yanka rago, aka gina mata ɗaki. Yara na son wannan ƙarshen, ni ma ina son sa.

Sau ɗaya Yaya ta ji ni. Ta zo Nahuce sunan jikana na fari, ta zauna gefe tana tsinke zogale har na gama. Sai ta ce, a gaban dangin mijina, "Auta, ba haka Inna ta ƙare ta ba."

Kunya ta kama ni, kunyar ta koma fushi. Na ce mata kowane baki da gishirinsa. Ba ta ƙara ba, ni kuma ban tambaya ba. Mun haɗu a biki, mun haɗu a mutuwa, mun kwana ɗaki ɗaya ba iyaka, ban tambaya ba. Girman kai ne, ba wani abu ba. Ina ganin Yaya na nan, ƙarshen na nan, gaggawar me zan yi.

Sai mutanen daji suka sa ƙasarmu gaba. Aka hana noma, aka kwashe shanu, daga baya aka cinna wa rumbuna wuta. Yaya, tana gwauruwa da ciwon gwiwa, ta taka da ƙafa har Tsafe, ba ta ɗauko ko ludayi ba. Ɗanta, wanda ke tuƙa motar hatsi a Gusau, ya je ya ɗauko ta ya kai ta gidan da yake haya, ɗaki biyu, rufin kwano, tsakar gida duk siminti. Damina uku ta yi a can, kullum tana tambayar ko an fara komawa.

A damina ta uku ɗan ya kira ni a waya ya ce in zo, jikin ya yi tsanani. Na shiga mota daga Nahuce da ƙullin garin gero da ɗan tsaba. Da aka kai mu aure Inna ta ba kowaccenmu tafi ɗaya na irin gidanmu. Na Yaya ya ƙone a rumbu. Nawa yana nan, kunya huɗu a gefen gonar maigidana, ban taɓa bari ya ɓace ba.

Na tarar da ita ta zama kamar kara. Ciwon yana da lokaci. Daga fitowar rana zuwa hantsi tana cikin hankalinta, ta san kowa. Rana na ɗagawa zazzaɓi ya rufe ta, daga nan ba ta san kowa ba sai wata safiyar. Na kuma tarar ba ta magana da ɗanta. Ta ce ya mayar da ita ƙauye ta mutu can, a sa ta kusa da Inna da mijinta. Ya ce hanyar ba ta biyuwa, wanda ya shiga ba ya fitowa, kuma ko sun isa ba mai haƙa kabari. Tun ranar in ya durƙusa ya gaishe ta sai ta juya fuska bango. Mutum mai furfura a gemu, ya zauna bakin ƙofa yana share ido da hula.

Washegari na dama mata kunu da garin da na zo da shi. Ta kurɓa sau ɗaya, ta tsaya, ta dube ni.

"Wanga geron gida ne."

Na ce shi ne. Ta sha rabin kofi, abin da matar ɗanta ta ce ba ta yi ba cikin mako guda. Na ga idonta a buɗe, na ga hantsi na tahowa, na san in ban tambaya yanzu ba na rasa ke nan har abada. Na ce, "Yaya, yaya Inna ta ƙare ta?"

Ba ta tambaye ni wace ba. Ta yi wata 'yar dariya da ta koma tari.

"Sai yau? Kin gama yi wa ɗiyan mutane ƙarya?"

"Na gama."

"Da rana, Auta?"

"Da dare ba ki san ni ba, Yaya."

"Ke kuma da dare barci kike, kamar kasa."

A garinmu in dole ta sa za a yi tatsuniya da rana, sai a zaro bunu ɗaya daga rufin ɗaki a ƙulla shi, a ce an ɗaure ɓata, in an gama a kwance. Na ɗaga kai don in zaro, sai kwano. Yaya ta ga abin da nake nema, ta ce wane ɓata kuma ya rage mana, ai mun riga mun ɓata. Duk da haka hankalina bai kwanta ba. Na kama haɓar zanena na ƙulla.

Na roƙe ta ta fara daga inda tsohuwar ta kama hanya, don numfashinta gajere ne. Ta ƙi. Ta ce ba a shiga tatsuniya ta katanga. Ta faro daga bakin gona, a hankali, da muryar Inna sak, har da inda Inna ke tsayawa ta ja numfashi. Ta kawo abubuwan da na manta, kamar yadda yarinyar ke kiran sunanta na gaskiya a cikin turmi in tana daka, don ƙarar taɓarya ta rufe. Ina saurare, ina kallon rana na hawa bangon tsakar gida. Ubangida ya mutu. Ɗansa ya ce ta tafi. Ta gyara ɗaurin zane, ta kama hanya. Sai leɓen Yaya ya ci gaba da motsi babu sauti, idonta ya rufe, jikinta ya ɗau zafi.

Daidai inda nake barci, nan ta yi nata.

Ban taɓa ganin yini mai tsawon wannan ba. Ina shafa mata ruwa a goshi, ina roƙon Allah Ya ba ta sauƙi, kuma ba zan ɓoye ba, ina roƙon Ya ara mini ita safiya ɗaya tak. Na ji kunyar roƙon, amma na yi.

Allah Ya ara mini. Da gari ya waye ta buɗe ido, ta nemi kunu. Ɗanta ya zo ya gaishe ta, ba ta amsa ba, ya koma bakin ƙofa ya zauna. Ta tambaye ni inda muka tsaya. Na faɗa mata. Sai na lura ta ɗaga murya fiye da jiya, yadda na bakin ƙofa zai ji.

Ta ce tsohuwar ta yi tafiya, ta yi tafiya, ƙafa ta kumbura. Ta tambayi garinsu, wasu su ce gabas, wasu su ce an daɗe da tashinsa. Ranar nan ta kai gindin wata tsamiya a tsakiyar daji, ta zauna ta huta, ba ta tashi ba. Wasu makiyaya suka tsince ta. Ba su san sunanta ba, ba su da likkafani, suka yi mata salla suka rufe ta da zanenta, da ƙullinta da komai.

Na ce, "Ba ta kai ba ke nan?"

"Ba ta kai ba. Yi shiru."

Damina ta sauka, gero ya tsiro a wurin, mai gashi. Ya zuba, ya sake tsirowa, shekara da shekaru. Sai ga wasu mutane da yaƙi ya tasa, da kayansu a kai, suna neman wurin zama. Tsohon cikinsu ya ga geron ya ce su sauke, wannan irin gidansu ne, wani nasu na kwance a nan. Suka sauke, suka haƙa rijiya, suka kafa bukkoki.

"Inna ta ce tsamiyar ita ce ta bakin masallacinmu," in ji Yaya. "Garin kuwa namu ne."

Tsamiyar nan na san ta, na ci 'ya'yanta, na sha dukan hawanta. Na ce mata ni dai nawa ƙarshen ya fi tausayi. Ta ce ta sani, na kai ta gida ne don ina tausayin yara, Inna kuwa ba ta ga dalilin ɓoye mana ba. Ta ce ita ma ta jima ba ta tuna ƙarshen ba, sai jiya da na sa ta ta bi hanyar tun daga farko.

Daga nan ta juya kanta wajen ƙofa, karo na farko cikin kwanaki masu yawa, ta kira ɗanta da sunan da take kiran sa yana yaro. Ya taso da rarrafe. Ta ɗora masa hannu a ka.

"Inda na faɗi, nan za ka sa ni. Kar ka kai kanka daji saboda gawa. Na yafe maka, kai ma ka yafe mini."

Na fita na bar su.

Kwana uku ta ƙara. Ranar na huɗu bayan la'asar ta cika. Ni na yi mata wanka, maza suka ɗauke ta zuwa maƙabartar unguwar, cikin mutanen da ba ta san ko ɗaya ba. Da aka share makoki zan koma, na ba ɗanta tsabar da ta rage. Ya ce ina zai shuka, gida duk siminti. Daga baya ya gaya mini ya cika wani tsohon daro da ƙasa ya zuba. Akuyar maƙwabta ta ci rabi, sauran ya fitar da kai. Ko wani zai wuce ya gane shi, Allah ne Masani.

Yanzu a Nahuce rabin yaran da ke zama gabana 'ya'yan waɗanda aka taso ne daga garuruwansu. Ranar da na fara ba su ƙarshen Inna, ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya nemi a ƙara wata. Uwar ɗaya daga cikinsu ta same ni da safe ta ce me ya sa na kashe tsohuwar, alhali da tana isa gida. Na ce haka aka ba ni. Wani lokaci, in na ga fuskokinsu, bakina yakan so ya karkata wajen ragon da ɗakin. Sau biyu na bar shi ya karkata.

Zanen da na sa a Gusau kuwa, sai da na zo wanke shi na ga ƙullin yana nan a haɓa. Yaya ba ta rufe tatsuniyar ba, ta wuce wajen ɗanta, ni kuma na manta ban kwance ba. Na riƙe shi a hannu, ruwa na zuba a daro. Sai na ninke zanen yadda yake, na sa a ƙasan akwati.