Yadda Ƙumba Ta Cinye Mana Sarautar Ruwa

Da gangan ya yi, ko kuwa wauta ce kawai irin tasa? Na yi wa kaina wannan tambaya tun ina da ƙarfin ɗauko tulu daga bakin tafki, ga ni yau sai an kama ni nake tashi, ban samu amsa ba. Wanda ya sani yana kwance a maƙabarta, Allah Ya jiƙansa, Ya yafe masa abin da ya yi mini a gaban dattawan Madarumfa. Ni ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa. In an ji na yi shiru, kuka ne, a jira ni.

Maigidana masunci ne, ɗan masunta. Sunansa ban faɗa ba yana raye, ba kuwa yanzu zan fara ba. Ƙanen babansa shi ne sarkin ruwa a lokacin, shi ke buɗe su, wato kamun kifin gayya, ya rufe, shi ke raba rigimar masunta, kuma duk wanda ya fito da kamu sai ya cire masa kifi mai kyau. Tsohon ba shi da ɗa namiji, kowa a garin ya san rawanin nan kan maigidana yake jira. Mu gidanmu magina tukwane ne. Ranar da za a kai ni ɗaki uwata ta ce, "Kin rabu da laka ke nan, ɗiyata." Ba ta san gidan da ta kai ni ba.

Ƴan shekaru bayan nasara sun ba da mulki, maigidana ya bi samari cin rani zuwa Ikko, ya yi aikin jan taru a bakin teku. Da damina ta kusa suka dawo. Wannan ya sauko daga kamyo, babbar motar kaya, da rediyo, wancan da keke, wani da turamen atamfa har matarsa na guɗa. Nawa ya sauko da buhu yana kwaram-kwaram. Na ce a raina kwanoni ne, har na kira maƙwabta su zo su gani. Da ya zazzage a tsakar gida, sai ga ƙumba.

Ga wanda bai tashi a bakin ruwa ba, ƙumba ita ce halittar nan mai ɓawo biyu a haɗe, wadda ke binne kanta cikin laka. Tafkinmu cike yake da ita, ba mai cinta. Ɓawon muke tsinta mu kankare ƙanzo a tukunya, uwata kuma da shi take goge cikin randa kafin a gasa. Abin da yara ke takawa a bakin ruwa, shi mijina ya biya wa kuɗin mota daga ƙarshen duniya.

Na ce, "Ina zanena?"

Ya ce, "Ɗiyar magina, dubi wannan tukuna. Kin taɓa ganin mai haƙarƙari?"

Na ce, "Nawa haƙarƙarin za ka gani in na ci gaba da ɗaura wannan tsumma."

Maƙwabta suka fita suna toshe baki da gefen zane.

Gaskiya dai ba irin namu ba ne. Namu na tafki sirara ne, baƙi-baƙi, in ka matsa su fashe. Na teku akwai masu kauri kamar gutsuren turmi, da masu layi-layi a baya kamar kunyoyin gona, da dogaye sirara kamar askar wanzami. Akwai wadda ya ce in an buɗe ta da rai jini take yi ja irin na mutum, kuma mutanen can dafa ta suke su ci. Na ce Allah Ya ƙara nesanta mu da mutanen can.

Da abin ya tsaya a kallo, da na haƙura. Sai ya shiga raba su gida-gida. Kullum in ya dawo daga ruwa ya ci tuwo, sai ya shimfiɗa tabarma a gindin bedi ya baje su. Ni da na ce zan taimaka, na tara farare wuri ɗaya, manya wuri ɗaya, sai ya kama kai kamar na zubar masa da fura. Wai ba a duba launi, ba a duba girma. Wai sai an juya ɓawon an duba wurin da biyun ke haɗuwa, a nan haƙora suke, haƙoran ne ke faɗin dangi. Wasu haƙoransu ƙanana ne a jere kamar matsefi, wasu biyu ko uku manya masu shiga cikin juna. Ya nuna mini tabo biyu a cikin ɓawon, ya ce nan naman ke riƙewa ya ja ƙofa ta rufe. Ya ce ba ta da kai, ba ta da ido, ƙafarta ɗaya kamar harshe, da ita take tona. Layukan bayanta kuma shekarunta ne. Wannan duk daga bakin mutumin da bai iya bambanta ɗiyan ƙanwarsa ba, kowa ya shigo sai ya ce "kai yaro".

Sunayen gidajen kuma bai da inda zai samo su sai cikin gari. Dogayen nan ya ce gidan wanzamai. Masu kauri, gidan mahauta. Wasu farare masu santsi da ba su taɓa yin datti ba, gidan liman. Ni kaɗai na san wannan, don a gabana yake yi, kuma na yi dariya, ba zan ɓoye ba.

Wata rana ya ɗebo masu rai daga tafki ya zuba a kwatarniyata, ya farfasa kantun gishirin da na saya a kasuwar Gabi ya jiƙa musu. Wai bambancinsu da na teku gishiri ne kawai, in sun sha za su yi kauri su fito da haƙarƙari. Suka buɗe baki suka mutu. Warin ya kai masallaci. Ya tsaya a kansu yana jinjina kai ya ce, "To, ashe ba gishiri ba ne, asali ne." Na ce, "Ni kuma miyar yau da asali zan yi ta?" Daga ranar yaran unguwa suka sa masa sarkin ƙumba. Matar ɗan baffansa, wadda muke ɗiban ruwa tare, ta riƙa gaishe ni da "ina kwana, ya dabbobi?"

Shi ɗan baffan nan shi ne na biyu a layin sarauta. Mutum ne da ruwa in ya wuce masa ƙirji sai ya fara salati, bai taɓa sakin gora ba ko a inda yara ke wanka. Maigidana kuwa, duk da shirmensa, ba wanda ya kai shi sanin tafki. Ya san inda tarwaɗa ke kwana, ya san ranar da gulbi zai kawo ruwa tun kafin ya iso. Don haka ban damu sosai ba. Na ce su yi ta dariya, ranar naɗi za mu ga mai gaishe da wani.

Sai tsohon sarkin ruwa ya rasu. Bayan sadakar arba'in aka aiko cewa dattawa za su zo gaisuwa gidanmu da hantsi. Kowa ya san ba gaisuwa ba ce, zuwa ne a dubi mutum kafin a kai sunansa gaban sarki. Na share gida har inda ba a shara. Na dama fura da nono mai kyau, na sayi goro, na wanke masa rigarsa ta salla. Buhun ƙumba na ɗauka na jefa cikin rumbu na rufe. Na tsaya gabansa na ce, "Malam, don girman Allah, yau kaɗai. In an ce ruwa, ka ce ruwa. In an ce kifi, ka ce kifi." Ya ce, "To."

Suka zo, liman da dattawan masunta. Babbansu wani tsoho ne da kowa ke ce wa Baba, wanda maganarsa ita ce ƙarshe a wannan sha'ani. Ya daɗe da barin shiga ruwa, kullum yana zaune a bakin gaɓa, duk wanda ya fito sai ya jefa masa kifi a ƙwarya. Bakinsa ba haƙori ko na rantsuwa, goro ma sai an daka masa. Ni ina bayan zana ina ji.

Da farko komai ya tafi daidai. Aka yi addu'a, aka sha fura. Suka tambaye shi yaushe ya ga ya dace a buɗe su, ya ba da amsa har na ji liman yana cewa madalla. Na fara tunanin irin zanen da zan ɗaura ranar naɗi. Sai Baba ya yi ƴar dariya ya ce, "Ɗana, an ce mini kana kiwon ƙumba. Garken ya yi yawa?"

Wasa ne. Mai hankali dariya zai yi ya ce surutun yara ne. Sai na ji takun ƙafar maigidana ya nufi rumbu. Ashe ya ga inda na jefa.

Ya baje su a gaban dattawa, gida-gida. Ya nuna musu haƙora, ya miƙa wa kowa ya taɓa. Da ya ce ga gidan wanzamai, aka yi dariya. Gidan mahauta, aka ƙara dariya. Da ya kai kan farare masu santsi ya ce gidan liman, liman ya ji daɗi har ya ɗauki ɗaya yana juyawa. Na ce ko Allah zai rufa asiri. Sai liman ya nuna wasu baƙaƙe a gefen tabarma ya ce, "Waɗannan fa, na wane gida ne?"

Maigidana ya ce, "Waɗannan namu ne na tafki, Allah gafarta malam. Su ba su da haƙori ko ɗaya. Suna zaune wuri ɗaya a bakin ruwa baki buɗe, abin da ruwa ya kawo shi suke ci. Gidan Baba nake ce musu."

Liman ya fara dariya, ya mai da ita tari. Wani ya ce a kawo ruwa. Baba kuwa, sai na ji ƙarar sandarsa tana fita. Ko goron da na daka masa bai ɗauka ba.

Aka naɗa ɗan baffan. Matarsa ta aiko mini da tuwon naɗi a kwano, da saƙon a gaida dabbobi.

Na tasa maigidana gaba na ce, "Me na ce maka?" Ya ce, "Tambayata aka yi, ɗiyar magina. Ƙarya zan yi wa liman?" Na zaɓi wadda ya fi so a cikin na teku, na zauna gabansa ina kankare tukunya da ita da ƙarfi. Ya dube ni ya ce, "Wannan za ta kwarzane miki tukunya. Ɗauki ta gidan Baba, ta fi laushi." Na jefe shi da ita. Ya tsince ta ya goge ya mayar cikin danginta.

Ban fara zarginsa ba sai shekarun fari. Ruwa ya ƙi zuwa, gulbi ya ƙafe, tafki ya ja baya har muna tafiya a kan laka mai tsagewa inda da ake jefa taru. Mutane suka waiwayi sabon sarkin ruwa. Wasu suka ce bai ba ruwa hakkinsa ba, wasu suka ce ƙafarsa ce ba albarka. Masunta na faɗa a kan ɗan kududdufin da ya rage, kullum a ƙofar gidansa ake ta hayaniya, har wani ya taɓa fizge masa rawani. Ya rame, matarsa ta daina tambayata dabbobi. Nawa kuwa yana yawo a kan busasshen tafki yana tsintar ɓawo kamar an buɗe masa kasuwa, yana tono gaiwa daga cikin laka ya kawo mu ci. Ba mai zaginsa, ba mai jiransa a ƙofa. Wata rana muka wuce ana ta ihu a gidan sarkin ruwa, na dubi fuskarsa, sai na ga kamar murmushi. Ko rana ce ta sa ya yamutsa fuska, ban sani ba.

Na tuna bai taɓa cewa yana son rawanin ba. Ni ce ke faɗa, shi yana cewa to. Na tuna kuma mutumin da ya san ranar zuwan gulbi, zai yi wuya a ce bai san abin da maganarsa za ta yi wa tsoho ba. Amma kuma shi ne ya jiƙa wa ƙumba gishiri yana jiran haƙarƙari. Duk lokacin da na tambaye shi, sai ya ɗauko wani ɓawo ya ce in dubi haƙoransa.

Ruwa ya dawo, tafki ya cika, shi kuma ƙirji ya kama shi. An kai shi likita a Maraɗi, aka dawo da shi gida. Da ya daina iya fita, ni da kaina na ɗauko buhun na baje masa a tabarma kusa da shimfiɗarsa, ni da na sha rantsuwa sai na zubar da shi a masai. Na jera su yadda na ga yana yi. Suna nan har yau a ɗakina, jikoki sun san ba a taɓawa.

Ranar ƙarshe, bayan la'asar, na ba shi ruwa ya sha kaɗan. Na riƙe hannunsa na ce, "Malam, ba kowa sai ni da kai. Ba zan yi faɗa ba. Ranar nan da dattawa suka zo, da gangan ka yi?"

Ya daɗe yana kallona. Sai idonsa ya sauka kan tabarma, ya ɗaga yatsa da ƙyar.

"Ɗiyar magina, waccan ta gefe ba gidansu ba ne. Mai da ta cikin danginta."