Ganyen da Abednego Bai Taɓa Gani Ba

Abednego kafinta ne a Kafanchan, rumfarsa na bayan tashar jirgin ƙasa. Kujeru yake yi da ƙofofi, har zuwa Maris na 1987, lokacin da majami'arsu ta ƙone a rikici.

Cikin toka aka tsinci abu ɗaya da rai: wani matokarin katako da ake kafawa a bango a ɗora masa fitila. 'Yan mishan ne suka zo da guda biyu daga Ingila, an sassaƙa musu ganye mai lanƙwasa bakwai. Ɗayan ya ƙone. Dattawan ikilisiya suka ce Abednego ya yi masa ɗan'uwa.

Mako bakwai ya yi a kan guntun maɗaci. Da aka kafa su, babu wanda ya iya bambancewa. Fasto Wilfred ya ce ganyen na wata ƙaya ne ta ƙasar Girka, daga ginshiƙan Girkawa Turawan Ingila suka kwaikwayo.

Daga nan aiki ya kama shi. Fadan Kaje suka aiko, Nok suka aiko, kowa irin na Kafanchan yake so. Zuwa 1993 ya sassaƙa tamanin da huɗu, ba ya taɓa komai sai su. Shi kuwa burinsa ɗaya: ya sa ganyen citta, irin na gonar mahaifinsa, a bangon ɗakin Allah kafin idonsa ya gama dushewa.

Ya gwada sau ɗaya. Dattijo Sambo ya juya katakon ya ce, "Baban Emilia, wannan ai na miya ne. Coci muke gyarawa, ba kicin ba."

"Baba, na Turawan ma ciyawa ce."

"Ciyawar da ta tsira daga wuta. Ka yi mana ita."

A 1996 yanar ido ta rufe shi, masu aike suka daina zuwa. Matarsa Hulda ta ciro citta da ganyenta daga gona, ta sa masa a hannu.

"Yanzu ba mai hana ka. Yi naka."

Ya shafa ganyen ya daɗe, sannan ya kama aiki da lalube. Kwana goma sha biyu. Ya miƙa mata.

"Ya yi kama?"

Hulda ta duba. Ganyen Ingila ne, lanƙwasa bakwai, babu wadda ta ɓace.

"Ya yi kyau," ta ce.

"Ba shi na tambaye ki ba."