Koren Rawanin Surukina

A lokacin ina koyar da Faransanci a wata makarantar sakandare a Faskari, ban daɗe da aure ba, kuma ina ji da kaina sosai. Darasina ba wanda ya damu da shi, don haka na ƙudurta sai an san da zamana. Da bikin ba da kyaututtuka ya matso, na ɗauko wani tsohon wasan barkwanci na Faransawa da muka karanta a kwaleji, na mayar da shi Hausa. Labarin wani mayaudari ne da ya shiga gidan attajiri da sunan tsoron Allah, ya mallake maigidan, yana harin dukiyarsa, yana kuma harin matarsa. Ba ɗalibin da ya yarda ya fito a matsayin munafukin, kowa na gudun kada sunan ya bi shi, sai na ce ni zan yi.

Kayan sawa ne suka gagara. Matata ta ce mahaifinta yana da koren rawani da yake naɗawa ranar Juma'a. Malam limami ne a Sheme, mutumin da ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Tsakanina da shi kuwa sai gaisuwa a durƙushe. Ban taɓa haɗa ido da shi ba, balle in buɗe baki in ce ya ara mini rawani zan yi wasan kwaikwayo. Sai muka bi ta hannun Hajiya, surukata, aka ce mata taro za a yi a makaranta. Ta aiko da shi a ninke, har da carbinsa mai manyan 'ya'ya, shi bai sani ba.

Ashe shugaban makaranta ya gayyace shi buɗe taro da addu'a. Ina can baya muna shiri ban ji ba, sai da na fito gaban mutane na hango shi a layin gaba da hula kawai. Ya kamata in koma in kwance rawanin, amma an riga an fara dariya, daɗinta ya ɗebe ni. Daga baya aka gaya mini cewa gyaran muryar da nake yi kafin magana, da tafiya a sunkuye, da yadda nake jan carbi, duk nasa ne. Wallahi ban yi da gangan ba, shi kaɗai ne malamin da na saba gani kusa. Da aka zo inda nake cewa matar attajiri ta rufe jikinta alhali ina satar kallonta, iyayen da suka zo daga Sheme suka daina kallona, suka koma kallonsa. Ya zauna har aka gama, ya rufe taro da addu'a, ya tafi.

Kafin mako ya zagayo zancen ya kai kasuwar Ƙanƙara. Ana cewa tunda surukinsa ne ya yi, to ya san wani abu da jama'a ba su sani ba. Magidanta suka hana matansu zuwa tambayar karatu gidansa, sahun sallah ya ragu. Matata ta sha kuka. Na ɗauki kawuna muka je ba da haƙuri, rawanin na hannuna. Malam ya ce ya yafe, ya ce wasan ya faɗi gaskiya, irin waɗannan mutane suna nan kuma ya dace a ja kunnen jama'a. Abu ɗaya ya roƙa, in koma da rawanin, domin duk wanda ya gan shi a kansa yanzu wancan mutumin zai gani. Bai daɗe ba ya bar wa na'ibinsa limanci.

Na daɗe ina ɗora laifin a kan jahilcin mutane, amma ba a nan yake ba. Kunyar suruki ta hana ni tambaya guda, sai na ja masa kunyar da ta fi ta. Ina jan hankalin masu shirya wasa, musamman a garuruwa irin namu inda aka san rigar kowa: ku san kayan wa kuka ara, kuma muryar wa kuka ɗauka, don mai kallo ba ya raba su da mai su. Malam ya rasu bara, kuma tun daga ranar wasan har ya bar duniya bai sake naɗa rawani ba. Koren yana nan cikin akwatina, ni ma ban sake iya buɗe ninkinsa ba.