Dokin Kawu da Ya Manta Tafiya

Ana sallame sallar asuba muka bar Daura, mu uku a wata tsohuwar mota da sai an tura take tashi: ni, da taubashina ɗan kawuna wanda ke tuƙi, da abokina likitan dabbobi, rungume da akwatin alluransa kamar mai jego da jariri. Wani ƙauye muka nufa a bayan Baure, garin su mahaifiyata. Masu tambaya ina na shige kwana biyu, ga amsarku: doki na je dubawa, kuma tun ana gobe tafiyar zumuɗi ya hana ni zama wuri ɗaya.

Dokin na Kawu ne, yayan mahaifiyata, wani jan ingarma da ake kira Bikili. Da damina ta yi nisa ya fara rama, ya koma tangaɗi, ƙafafun baya suna harɗewa, har wata rana ya faɗi ya kasa tashi. Mutanen gari suka ce iska ce, aka yi ta turare, wani ma ya kawo shawarar a yi masa lalas da ƙarfe mai zafi a ƙugu. Makonnin baya abokina ya je ya ɗebi jini, ya gano sammore ne, irin wanda ƙudan bobuwa ke kwasowa daga jikin raƙuma, kuma cutar ta riga ta taɓa laka. Ya yi masa allura, ya sa aka tallabe cikinsa da buhuna aka rataye shi a reshen tsamiya don kada kwanciya ta ƙarasa shi. To amma Kawu ya gaji da kallon wahalar dabbar. Ya yi wa wani dillali alkawari cewa idan Bikili bai taka da ƙafarsa ba kafin kasuwar Mai'aduwa, a zo a loda shi a motar da ke kai dawakai kudu. Kowa ya san ba hawa ake kai su yi a can ba. Ranar da muka tashi ita ce jajibirin kasuwar.

A Sandamu muka karya. Mai ƙosan bakin tasha ta ƙanƙance ƙosanta har na tambaye ta ko na yaye ne, ta ce in je in tambayi masu wake da mai tukuna in dawo mu yi magana. Na biya ta kuɗinta, don gaskiyarta. Daga nan hanya ta miƙe tsakanin gonaki, gero ya yi kai ya sunkuya, dawa ta fi mutum tsawo, mata na tafe da ƙoren nono a ka. Taubashina kuwa duk ramin da ya gani sai ya gaisa da shi, in na yi magana ya ce ai mu 'yan birni ƙashinmu na rake ne. Da muka wuce Baure muka sauka daga kwalta, yashi ya riƙe mana taya, ni da likita muka fita turi. Nan na ga ilimin boko ba ya hana mutum cin ƙasa.

Da hantsi muka isa. Ko gaisuwar kirki ban tsaya yi ba na zarce gindin tsamiya, sai da Kawu ya ce a bar ni, dama ba wurinsa na zo ba. Jama'a, na yi murna da abin da na gani. Bikili ya yi ƙiba, idonsa ya washe, yana ta kaɗa wutsiya yana tauna harawa. Likita ya zagaya shi, ya ja wutsiyarsa gefe ya ji yana turjewa, ya ɗauki kofaton baya ya ɗora kan ɗaya, dokin ya mayar da shi wurinsa da kansa. Ya ce wancan zuwan ko sanin inda ƙafarsa take bai yi ba. Ya ƙara masa allura, sannan ya ce a sassauta igiyoyin a hankali. Aka sassauta, buhunan suka zube ƙasa, Bikili ya tsaya cak a kan ƙafafunsa huɗu. Ban san lokacin da na rungume taubashina ba, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife mu.

Murnar ba ta je ko'ina ba. Tsayuwa ya tsaya, amma taku ya ce bai san zancen ba. Taubashina ya ja ragama, na tura ta baya, aka kawo dusa da kanwa aka ajiye gabansa kaɗan, ya miƙa wuya iya miƙawa ya fasa. Jikinsa sai rawa yake. Likita ya ce ƙarfi ya dawo, tsoro ne ya rage, don dabbar da ta sha faɗuwa ba ta ƙara yarda da ƙasa da sauƙi. Maganinsa a samu wanda ya amince da shi ya riƙa shiga gabansa kullum, safe da yamma, a kan yashi mai laushi, har ƙafafun su tuna aikinsu. Duk muka juya muka dubi Kawu, shi kuma ya dubi carbinsa.

Sai na yi muku bayani a nan, don ɗan birni ba zai ga wahalar abin ba. A garin nan jan ragamar doki aikin barori ne. Dattijo mai doki hawa yake yi, in kuwa aka gan shi a ƙasa yana jan abinsa, to magana ta tashi ke nan cewa arziki ya karye. Kawu kuma mutum ne mai ji da kansa, ko ɗaurin aure a bayan gida ne sai ya hau. Ga shi hanyar yashin rafi guda ce, dole ta bi ta ƙofar masallaci inda sa'o'insa ke zaman hira. Kawu ya ce a ba dokin lokaci, ya sa aka kawo mana dambun zogale da man gyaɗa da fura mai sanyi. Dambun ya yi daɗi, amma haushin Kawu ya cika ni.

Bayan azahar dillali ya iso da mutanensa da igiyoyinsu. Mutum ne mai fara'a, ya gaida kowa, ya raba goro, ya zagaya Bikili yana auna shi da ido yadda mahauci ke duban sa. Ina jin wannan kallon ne ya yi aikin da bakinmu ya kasa. Kawu ya miƙe, ya tuɓe babbar riga ya miƙa mini, ya karɓi ragama daga hannun ɗansa. Bai ja ba. Ya shafa goshin dokin, ya yi masa magana ƙasa-ƙasa, ya juya baya ya fara tafiya. Bikili ya ɗaga ƙafa ya ajiye, ya yi tangal-tangal har zuciyata ta tsinke, sannan ya ɗaga ta biyu. Muka bi su a baya ba mai ko tari, ni kuwa dariya da ƙwalla suka haɗe mini.

A ƙofar masallaci hira ta tsaya. Wani tsoho abokin wasansa ya ce, “Alhaji, yau kai ne a ƙasa?” Kawu bai ko waiwaya ba ya ce, “Ni ne. Gobe ma ka fito da wuri ka gani.” Suka wuce har rafi, suka dawo a hankali, dokin ya jiƙe da gumi, mai dokin ma haka. Dillali ya yi masa barka, ya naɗe igiyoyinsa ya tafi neman wani.

Kafin mu taso likita ya faɗa wa Kawu gaskiya. Ya ce za a ci gaba da duba jinin don cutar kan dawo, a riƙa yi masa hayaƙi saboda ƙuda, kuma ko ya warke da wuya bayansa ya sake ɗaukar mutum. Na zaci ran Kawu zai ɓaci. Sai kawai ya ce, “Likita, shekara da shekaru yana ɗauke da ni. Abin da ya rage mana ma ƙarasa shi a ƙasa.”

Har mun tura mota ta tashi sai Kawu ya sa aka tsayar da mu. Ya shiga ɗaki ya fito da sirdin Bikili, ya ce mu kai Daura mu ba duk mai dokin da ke buƙata. Babu wuri a bayan motar, don an cika mana ita da kabewa da ɗanyar gyaɗa, sai a cinyata na ɗora shi. Muka shigo gari ana kiran magariba, ƙafafuna sun yi tsami.

Na tafi ina ganin allura ce za ta tashi dokin nan, kuma ta yi nata, Allah Ya saka wa abokina. Amma na dawo da sanin cewa jinya ba ta ƙarewa a magani, sai wani ya yarda ya sauko daga girmansa ya taka tare da majinyacin. Ɗazu taubashina, wanda ya koma ƙauyen, ya bugo waya, ya ce yau da safe tsofaffin ƙofar masallaci biyu ne suka raka Kawu da Bikili rafi.