Allurar da Auta Ta Rage

Ranar da safe Auta ta ƙona wuyan rigar aikinta wajen guga, ta sa abarta a haka. Tare suka tafi asibiti da mahaifinta, don shi ma ranar aka ba shi a duba zuciyarsa.

Aikinta ɗaukar hoton yadda jini ke ratsa zuciya. A da, sai a yi wa mutum allurar wani sinadari da na'ura ke gani, a ɗauki hoto yana hutawa, sannan a sa shi tafiya a kan inji har ya yi gumi, a sake allura, a sake hoto. Wuni ya tafi ke nan, kuma yawan sinadarin ba alheri ba ne ga jiki. Auta ta nace a fara da na gumin: zuciyar da ta fito lafiya cikin wahala, me za a nema a hutunta?

Cikas ɗaya ne. Dole likita ya duba hoton farko nan take, shi kuwa lokacin yana zagayen marasa lafiya. Ta yi ta masa naci har ya yarda ya riƙa leƙowa.

Da hantsi mahaifin na kan inji yana jan ƙafa.

"Baba, ɗaga ƙafa mana, ba gaisuwar surukai za ka ba!"

Kafin azahar likita ya leƙo, ya duba, ya ce a sallame shi.

"Rabin gwaji za ku yi mini?" in ji mahaifin.

"Kai, Baba! Ban taɓa ganin mai roƙon ƙarin allura ba sai kai."

Da yamma ta dawo, ta ci abinci a tsaye tana ba mahaifiyarta labari. Washegari mota ta buge ta a hanyar aiki, ta rasu.

Da mahaifin ya je asibitin kwashe kayanta bayan kwanaki, ya ɗauka an koma gidan jiya, tunda mai nacin ta tafi. Sai ya tarar da likita zaune gaban na'ura. Abokiyar aikinta ta ce tsarin ya zama doka a sashen, har wani asibiti ya turo mutane su koya.

A durowarta akwai tabarau, da kofi, da takalman kambas manya da ƙanana da ta tanada saboda masu zuwa da silifa. Ya ɗauki tabarau da kofi. Takalman kuwa ya jera su a gindin inji, wani tsoho ya zura ƙafa ya ce daidai.