Shanun da ke Jikin Ƙyaurena

Jiya na ji waƙar Kawu a rediyo, wani yaro yana kwarara ta kamar mai kiran awaki. Ko sunan mai ita bai ambata ba.

Kawu ƙanen Innata ne. Yana waƙa, yana zane, yana rubuta labarai, don haka dangi a Gummi suke ce mashi marar aikin yi. Ba ya zane sai yana rera waƙa ƙasa-ƙasa. Ranar da ya yi wa ƙyauren ɗakina ado, ni ke riƙe da ƙoƙon jar ƙasa da ƙaro, ƙamshin danshi ya cika mani hanci. Ya zana shanu suna ƙetare gulbi, ya ce, "Ɗiyata, ran da suka gama ƙetarewa ki bayar da ƙyauren."

Yanzu waɗanda ko zaman makokinsa ba su yi ba sun zo da manyan riguna, wai in ba su ƙyauren su kai Gusau, "kayan Babanmu." Babansu! Na ba su ruwa suka sha. Na ce, "Ku yi haƙuri, shanun ba su gama ƙetarewa ba."

Allah Ya haskaka kabarinka, Kawu, Ya kai ka gaci lafiya.